Tarihin da Ke Kwance a Kewayen Karu

Kafin ƙarfe shida na safe titin Keffi zuwa Abuja ya cika maƙil. Motoci na kwararowa daga Masaka da Mararraba da Nyanya, su haɗu da na Karshi da Orozo da Jikwoyi, a rarrafa a wuce gadar Karu, a bi ta Kugbo a faɗa AYA. Direba na kallon bayan motar da ke gabansa, fasinja na kallon wayarsa, mai tallan ruwan leda na kallon tagogi. Duwatsun da suka yi wa hanyar rakiya dama da hagu ba sa samun mai ɗaga kai ya dube su. Da za a tambayi matafiyan nan shekarun wurin da suke ratsawa kullum, da yawansu za su ce ai Abuja jiya-jiya aka yi ta: Janar Murtala ya sa hannu a dokar kafa ta a watan Fabrairun 1976, Janar Babangida ya tare da gwamnati ranar 12 ga Disamba 1991. Wannan gaskiya ne game da birnin siminti da gilashi. Ƙasar da aka ɗora shi a kanta kuwa ta isa ta zauna tabarma ɗaya da tsofaffin garuruwan duniya.

Idan ana zancen garin da ke cin abinci da tsufansa, birnin Rum na ƙasar Italiya ake fara ambata. Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, yana jin sa a Bahar Rum, yana jin sa a Fafaroma. Baƙon da ya sauka a can yakan fara da Kolosiyam, makeken dandalin wasan da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, wanda a zamaninsa yake ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000. Daga nan ya taka da ƙafa ya shiga Forum, inda kasuwa da majalisa da ɗakunan bautar Rumawa suke a da, yau kuwa sai ginshiƙai, wasu a tsaye wasu a kwance. In da sauran ƙarfi, ya je ya ga ganuwar da Sarki Aurelian ya fara ginawa a shekara ta 271, mai tsawon kilomita kusan 19. Miliyoyin mutane ke wannan zagaye duk shekara. Suna yankar tikiti, suna ɗaukar 'yan jagora, suna kama masauki, kuma dubban iyalai na ci daga aljihunsu. A 1980 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin jerin kayan gadon duniya.

To amma ranar da magina suka ɗora dutsen farko na Kolosiyam, murahun narkar da tama na Taruga sun yi ƙarni uku ko fiye da hucewa. Taruga wani wuri ne kudu maso gabas da tsohuwar Abuja (Suleja ta yau), wato shiyyar da Karu take. A shekarun 1960 wani masani ɗan Ingila, Bernard Fagg, ya yi tono a can, ya samu murahu fiye da goma, da kashin maƙera, da bututun yumɓu na shigar iska, da ɓaraguzan tukwane, da guntayen mutum-mutumin yumɓu irin waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna tun 1928. Gwajin da aka yi wa gawayin wurin ya nuna an hura wutar nan ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Shi ya sa sunan Taruga ke cikin littattafan tarihin ƙarfe, a matsayin ɗaya daga cikin tsofaffin wuraren da aka tabbatar an narkar da tama a Afirka ta Yamma.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin da wannan ke nufi. Sai an san dutsen da ke ɗauke da tama a cikin dubban duwatsu, an san icen da gawayinsa ke riƙe wuta, an gina murhun da zai jure zafin da ya haura digiri dubu, an kuma san yadda za a sarrafa iska har ƙarfe ya rabu da dattinsa. Mutanen da ke wannan aiki ba sa noma a ranar, saboda haka akwai manoman da ke ciyar da su, akwai masu sayen fartanya da mashi, akwai tsarin da ya haɗa su. Binciken da masana daga jami'ar Frankfurt ta Jamus suka yi daga baya, tare da takwarorinsu na Najeriya, ya mayar da mafarin al'ummar Nok can wajen shekara 1,500 kafin miladiyya, ya kuma nuna gero ne cimarsu. Rumawa su da kansu shekara ta 753 kafin miladiyya suke ba garinsu a matsayin shekarar kafuwarsa. Abin baƙin ciki, yawancin kawunan Nok da suka fi kyau ɓarayin tono ne suka fara kai musu hannu. An fitar da su ta bayan fage, har aka yi ta ce-ce-ku-ce a shekara ta 2000 da aka ga wasu a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. Bafaranshe ya yanki tikiti ya gan su, ɗan Karu da aka tono irinsu a bayan gidansa bai taɓa jin labarinsu ba.

Mutanen da gwamnati ta tarar a Karu su ne Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, kuma har yau sarautar garin a hannunsu take, ana kiran mai riƙe da ita Sa'karuyi. Manoman doya da dawa ne, matansu sun yi suna wajen ginin tukwane da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Duwatsun da mai mota ke wucewa ba ya kallo su ne garkuwar kakanninsu. A ƙarni na 19 mahara sun addabi yankin daga kowace kusurwa, daga Keffi, daga Nasarawa, daga Kwantagora, har daga ita tsohuwar Abuja, wadda aka yi wa wani sarkinta laƙabi da Dodon Gwari. Wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata Bahaushe ya tsallake shi ba idan yana ba da labari. Ƙauyuka da dama sun haye kan tudu don tsira da 'ya'yansu, ba su sauko fili ba sai da hare-haren suka lafa. Abin da suka bari a sama shi ne kufai: jerin duwatsun harsashin ɗaki, ramukan niƙa a jikin fa, ɓawon tukwane, da makwantan iyaye.

Wanda ya bi hanyar Jikwoyi ya wuce Kurudu da Orozo zai isa Karshi, kuma a nan labarin ya juya ya fuskanci Kano. Karshi garin Gwandara ne. Ruwayar bakin da suke riƙe da ita ta ce kakanninsu 'ya'yan sarautar Kano ne da suka bar birni a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, saboda ba su yarda su bar al'adun iyayensu ba, har aka ce daga furucinsu na “gwanda rawa da salla” sunan ya samo asali. Yau zuriyarsu da yawa musulmi ne. Ko me mutum zai ce game da ruwayar, akwai shaidar da ba ta buƙatar rantsuwa: masana harshe sun yi ittifaƙi cewa babu harshen da ya fi Gwandara kusa da Hausa. Bakanon da ya zo Karu neman abinci, yana ganin kansa baƙo, yana da dangin harshe da suka riga shi zuwa da ɗaruruwan shekaru.

Sai dai babban labarin yankin, wanda ya ba birnin tarayya sunansa, daga Zariya ya taso. A shekarun farko na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya zo da tuta ya ci birnin Zazzau. Tarihin da mutanen Abuja suka adana ya ce Sarki Muhammadu Makau yana filin idi a bayan gari aka auka masa, bai sami komawa fada ba. Ya yi kudu da fadawansa da sarakunan yaƙinsa, ya bi ta Kauru da Kajuru, ya yada zango a Zuba, garin Koro da dama can yake biyan haraji ga Zazzau. Bai daina yaƙi ba har aka kashe shi a wajen Lapai a 1825. Ƙaninsa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi. A 1828 ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku, a gindin duwatsu, shekara guda bayan haka ya fara zagaye shi da ganuwa. Garin ya ɗauki sunan mai shi: Abuja.

Ganuwar nan ta yi aikinta. Sarakunan Zariya sun kawo hari ba su ci garin ba, kuma masarautar ta zauna da 'yancinta a ƙarƙashin Abu Ja har 1851, da Abu Kwaka har 1877, da Ibrahim har 1902, shekarar da sojojin Turawa suka shiga bisa hujjar cewa ana tare fatake a hanyar Lakwaja zuwa Zariya. Saboda wannan 'yanci ne Abuja ta zama rumbun tsohon tsarin sarautar Hausa na kafin jihadi, da muƙamansa da jerin gwanonsa: Madawaki, Galadima, Wambai, Dallatu, da sarautun mata irin su Iya da Sarauniya. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin garin da al'adunsa da Hausa, aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a 1952, kuma da masani M. G. Smith ya tashi rubuta littafinsa kan mulkin Zazzau, wanda ya fito a 1960, Abuja ya dogara da ita don sanin yadda Zariya take kafin zuwan Malam Musa. Har gobe sarkin garin Sarkin Zazzau ake kiransa. Ɗalibin da ke son ganin yadda fadar Hausa take shekara ɗari biyu da suka wuce, motar haya ɗaya ko biyu ce tsakaninsa da ita daga Karu.

A kan hanyar zuwa can mutum zai wuce Dutsen Zuma, wanda ke jikin takardar naira 100. A aljihun nasa kuma wataƙila akwai naira 20 mai hoton Ladi Kwali tana gina tulu. Ita ma 'yar wannan ƙasa ce, daga Kwali. Tukwanenta wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gani a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Ta zaga Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Sana'ar ba ta mutu ba. A Ushafa har yanzu mata na gini, kuma can aka kai Shugaban Amurka Bill Clinton da ya zo a watan Agustan 2000.

Ta gabas kuwa, titin da ke shaƙe mutanen Karu kowace safiya ya miƙe ne zuwa Keffi, kuma sunan garin kansa tarihi ne. Daga kafi ya fito, wato shingen itacen da ake kafawa a kare gari kafin a sami halin gina ganuwa. Abdu Zanga, Bafulatani daga ƙasar Katsina, shi ya kafa shi wajen shekarar 1800, ya zama ƙarƙashin Zazzau. Nan ne zangon fataken da ke tasowa daga Kano su bi ta Zariya, su sauka Keffi, su wuce Nasarawa, su kai Loko a bakin Binuwai. Suna saukowa da tufafi da kanwa da dawaki, suna komawa da hauren giwa da kayan Turawa, kuma a cikin hajar da ake ciniki har da bayi. Matafiyi Bajamushe Gerhard Rohlfs ya ratsa garin a 1867, ɗan ƙasarsu Paul Staudinger ya bi ta nan a 1885 kan hanyarsa ta zuwa Kano da Sakkwato, dukansu sun rubuta abin da suka gani.

A dandalin ƙofar fadar Keffi ne aka yi abin da ya girgiza ƙasar Hausa gaba ɗaya. A watan Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wakilin Sarkin Zazzau kuma mai faɗa a ji a garin, ya kashe Razdan Kyaftin Moloney. Ya hau doki ya nufi Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Gwamna Lugga, wanda dama yana neman dalili, ya riƙe wannan a matsayin hujja. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 Kano ta faɗi, a watan Maris Sakkwato ta biyo baya, a watan Yuli aka yi gumurzun Burmi inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Duk ɗan makarantar da ya karanta cin Kano ya san waɗannan ranaku, amma kaɗan ne suka san cewa tartsatsin daga Keffi ya tashi. Tudun da ke ɗauke da sunan Moloney yana nan a garin, ana hango shi.

Dokar 1976 ta zo da tunanin cewa za a kwashe duk mazauna yankin a ba gwamnati fili fetal. Da aka yi lissafin kuɗin diyya aka ga abin ya fi ƙarfin baitulmali, sai gwamnatin Janar Obasanjo ta sassauta a 1978, aka ce waɗanda aikin birni ya shafa kai tsaye su ne za a tasa. Duk da haka jama'a da dama sun ƙaura. Wasu sun tafi Sabon Wuse a jihar Neja, wasu Sabuwar Karu da Sabuwar Nyanya a ɓangaren da yake jihar Filato a lokacin, ya koma Nasarawa a 1996. Dalilin da ya sa ake da Karu biyu ke nan, ta birnin tarayya mai Sa'karuyi, da ta Nasarawa mai Esu Karu. Garin Abu Ja ma ya ba da sunansa ga sabon birni, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979. Garki da Wuse da Maitama da Jabi da Utako duk ƙauyuka ne masu sarakuna da gonaki da maƙabartu. Yaron da aka haifa a Karu yau yana iya girma ya yi aure yana zaton Wuse sunan kasuwa ne kawai. Na gaba ya yi gaba, na baya ko labarin bai samu ba.

Masu cewa ai Rum daban ce, su Turawa sun iya riƙon kayansu tun asali, ba su karanta tarihin birnin ba. Bayan rushewar daular, garin da ya taɓa ɗaukar mutum kusan miliyan guda ya koma ɗan ƙaramin gari. Ƙasa ta binne Forum, makiyaya suka riƙa kora dabbobi a kai, har wurin ya ɗauki sunan Filin Shanu. Kolosiyam ya zama wurin ɗibar dutse kyauta, ana fasa shi ana gina fadoji da majami'u, ana ƙona marmararsa a yi farar ƙasa. Sai a 1749 Fafaroma Benedict na 14 ya keɓe wurin ya hana ɗiba, kuma sai a ƙarni na 19 aka duƙufa tonon Forum. Wato an shafe fiye da shekara dubu ana wulaƙanta abin da yau ake alfahari da shi. Abin da ya canza shi ne hukuma ta yanke shawara, ta kuma tsaya a kanta. Yau idan ana haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Rum, masana tono na tafiya tare da injiniyoyi. A 2016 sun ci karo da barikin sojojin zamanin Sarki Hadrian, aka gyara tsarin tashar da ake haƙawa a wurin don a bar shi a inda yake. Tashar San Giovanni da aka buɗe a 2018 kuwa, fasinja na sauka bene yana kallon kayan da aka tono a wurin, an jera su cikin gilashi.

Bambancin da ya kamata ya hana mutum barci shi ne na kayan gini. Dutsen Rum ya jure shekara dubu na sakaci ya jira masu cetonsa. Ganuwar ƙasa ba ta da wannan haƙuri. A da, bayan kowace damina sarki kan sa a yi gayya, unguwa-unguwa a fito a yi mata yaɓe, kuma daga shekarar da aka daina, ruwa ke cin rabonsa, masu neman fili su ci saura. Kanawa sun ga yadda badalarsu ta yi, ita da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12. Kufan kan tudu ya fi ganuwa rauni, don katafila na share shi cikin yini guda, mai tuƙa ta bai ma san ya taka wani abu ba. A kewayen Karu gidajen haya da rukunin gidaje na hawa duwatsu shekara bayan shekara, a wurare irin su Mpape kuma nakiyar masu fasa dutse ta daɗe tana aiki. Najeriya na da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi tun 1979, hedikwatarta na nan Abuja, amma wurare biyu kacal ƙasar ke da su a jerin UNESCO na kayan gadon duniya: Sukur a Adamawa tun 1999, da kurmin Osun na Osogbo tun 2005.

Ba a ce a hana mutane gina matsuguni ba, Karu na cike da bayin Allah da hayar cikin birni ta kora. Abin da ake roƙo mai sauƙi ne. Kafin a ba da tudu ga mai gini, a kira dattawan Gbagyi da Gwandara su taka shi tare da masana, a auna, a ɗauki hoto, a keɓe abin da ya cancanci keɓewa. Fadar Sa'karuyi da ta Esu Karu da ta Sarkin Karshi su sa matasansu su zauna da tsofaffi, su naɗi sunayen kufai da na rafuka da jerin sarakuna a waya, tun masu sanin suna raye. Hukumomin birnin tarayya da na Nasarawa da Neja su kafa alluna da Hausa da Gbagyi da Turanci a wuraren da aka riga aka sani, yadda mai wucewa zai tsaya ya karanta.

Shugabannin makarantun Karu da Nyanya da Jikwoyi kuma, da ke kai yara gidan namun daji da wuraren wasa a ƙarshen zango, su gwada juya motar gabas sau ɗaya. In an fita da sassafe ranar Asabar, daga gadar Karu zuwa ƙofar fadar Keffi bai kai tafiyar awa guda ba.